Kyanwarmu Ba Ta Lami Ba Ce: Yadda Na Ceci Kujerun Falona

Yau zan ɗan kauce wa maganar rigakafin yara da abincin yaye da muka saba, in kawo muku wata rigima da aka yi a gidana, wadda ta kusa raba mu da kyanwarmu. Na san da yawa daga cikinku suna da kyanwa a gida, kuma na san akwai wadda take karanta wannan a wayarta yanzu haka tana hararar hannun kujerarta da ya yi buzu-buzu.

Wata 14 na yi ina zubin adashi da abokan aikina kafin kwasata ta zo. Tun ranar da na fara zubi na san abin da zan yi da kuɗin. Kujerun da Baba ya saya mini lokacin aure sun yi shekara 11 suna aiki, sosonsu ya lotse, in baƙo ya zauna sai ki ga gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa. Kowa kuma ya san yadda kuɗin kaya ya yi tashin gwauron zabo tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, ga shi mu a nan Illela rufe iyaka da aka yi a watan Agustan shekarar ya ƙara mana wani nauyin, har zuwa Maris na 2024 da aka buɗe. Don haka ranar da akori-kura ta ɗauko sababbin kujeruna daga Sakkwato, ta biyo ta Kware da Gwadabawa ta tsaya a ƙofar gidanmu, ji na yi kamar yau aka kawo ni amarya. Maƙwabta suka shigo ana ta sa albarka.

Mako 3 kacal bayan nan na dawo daga aikin dare, ido duk barci. Ina ɗaga labulen falo na hango hannun doguwar kujera. Zare ya tashi tun daga sama har ƙasa, soso ya leƙo ta wuri biyu. Mai aikin kuwa tana kwance a saman kujerar ta naɗe wutsiya, mage mai kwanciyar ɗaukar rai, ko a jikinta. Ban san lokacin da na cire takalmina na wurga mata ba.

Da maigida ya shigo ya gani, sai ya girgiza kai ya ce, “To, wannan dai ba kyanwar Lami ba ce. Ranar Lahadi in kasuwa ta ci zan sa yaro ya sa ta a buhu, a ba masu mota su sauke ta a hanya.” Ban ce masa uffan ba, don a zuciyata na amince. Yara suka fashe da kuka. Surukata, wadda ita ce ta kawo mana kyanwar tana ’yar ƙarama, ta ji labari ta shigo da yamma. Ta dubi kujera, ta dube ni, ta ce, “Ɗiyata, mussa ba ta san kuɗin kujera ba. Kun mance abin da kusu yay yi ma hatsinku kafin ta zo?” Ga waɗanda ba mutanen yankinmu ba, mussa muke ce wa kyanwa, kusu kuma shi ne ɓera. Na ce, “Inna, na ji,” amma gaskiya jin kunne kawai na yi.

Daren Juma’a, saura kwana 2 kasuwa ta ci, ina bakin aiki aka shigo mana da yaro da bai cika shekara 2 ba, uwarsa ko mayafi babu. Shinkafar ɓera aka kwaɓa da sauran tuwo aka ajiye a bayan ƙofa, shi kuma ya rarrafa ya samu. Allah Ya yi da sauran kwanansa, an kawo shi da wuri, ya tashi. Amma har gari ya waye ina tunanin autata, wadda ita ma duk abin da ta tsinta baki take kai shi. Na tambayi kaina, in kyanwa ta tafi ranar Lahadi, ɓera ya dawo ɗakin da muke ajiye gero da wake, da me zan kore shi? Da safe na ce wa maigida, “Baban yara, ka ba ni wata guda. In ba ta daina ba, ni da kaina zan nema mata wani gidan.” Ya ce ya ba ni.

Me ya sa take yakushi?

Abu na farko da na yi shi ne kiran wani likitan dabbobi da muka yi sakandare da ƙanwarsa, sannan na zauna na yi karatu a kan lamarin kamar mai shirin jarrabawa. Abin da na fahimta ya sa na ji kunyar takalmin da na jefa.

Kyanwa tana da farce 18, ko akaifa kamar yadda muke cewa a nan: 5 a kowace ƙafar gaba, 4 a kowace ƙafar baya. Farcenta ba ya girma irin namu. Hawa-hawa yake kamar albasa, sabo yana fitowa daga ciki, tsohon ɓawon yana mutuwa a waje. In ta kafa farce a abu mai kauri ta ja, tsohon ɓawon ne take cirewa. Shi ya sa wani lokaci in kina shara za ki tsinci wani abu kamar farce a gindin kujera ki ɗauka karyewa ya yi, alhali saɓa ce kawai ta yi.

Bayan wannan, yakushi shi ne miƙarta. Yadda kike tashi daga barci ki ɗaga hannu ki yi miƙa, haka ita ma take kafa farce a sama ta ja jikinta, tsokar kafaɗa da ta baya su saki. Ki lura za ki ga ta fi yin sa da zarar ta farka.

Dalili na uku shi ne ya fi ba ni mamaki. A tsakanin yatsun ƙafarta akwai wasu ƙananan wurare da ke fitar da wani wari wanda hancinmu ba ya ji, amma kowace kyanwa tana jin sa. Duk inda ta yakusa ta bar wannan warin tare da shaidar farce, wato ta rubuta cewa nan wurinta ne. Tsofaffin kujeruna sun daɗe da ɗaukar warin gidan, ba ta damu da su ba. Sababbin nan kuwa sun shigo da warin shago da na mota, aka kuma ajiye su a tsakiyar inda take yini. A wurinta baƙi ne da ya kamata a yi musu shaida. Haka kuma kyanwa kan ƙara yakushi in hankalinta ya tashi, misali in baƙon muzuru yana hawa katanga, ko an yi haihuwa gida ya cika da mutane.

Da na gane wannan sai na daina neman hanyar hana ta yakushi, don hali ne da aka halicce ta da shi, kuma hali zanen dutse ne. Abin da ya rage shi ne in samar mata inda za ta yi wanda ya fi kujerata daɗi, in kuma sa kujerar ta fita daga ranta.

Tsohon turmi ya yi rana

A ƙasashen Turai shaguna suna sayar da wani ginshiƙi da aka naɗe da igiya musamman don kyanwa. Ban tsaya neman sa a kasuwarmu ba, don duk abin da ake buƙata yana cikin gida. Muna da wani babban turmin sussuka da ya tsage, an jingine shi a bayan ɗakin girki ana jiran ranar da za a faskare shi. Na sa aka kife shi, na sayi igiyar rama a kasuwa, ni da babban ɗana muka naɗe shi da ita tun daga ƙasa har sama, muna ja muna matsewa don kada a bar tsakani. Muka ɗaure bakin igiyar ta ciki. Ban yarda an buga ƙananan ƙusoshi a jiki ba, gudun kada farcenta ya maƙale ko yara su ji ciwo.

Ko mene ne za ki yi amfani da shi, ki tabbata ya cika sharuɗɗan nan.

1. Ya zama ba ya motsi. Abin da ya sa take son kujera shi ne duk yadda ta ja ba ta gusawa. In abin da kika ba ta ya yi rawa ko ya faɗo mata sau ɗaya, ba za ta sake kusantar sa ba. Nauyin turmi shi ne amfaninsa.

2. Ya zama da tsayi. Tana son ta tsaya da ƙafafun baya ta miƙa na gaba har ƙarshe. Ga babbar kyanwa, ki nemi abin da ya kai kamar santimita 80, wato wajen cinyar babban mutum. In turminki gajere ne, ki ɗora shi a kan faffaɗan katako ko ki nemi wani abin.

3. Ya zama da kaushi, wanda farce zai shiga ya kama. Igiyar rama ko ta kaba, buhun algarara irin na albasa da aka wanke ya bushe, ko kututturen icce da ɓawonsa, duk suna yi. Igiyar roba ba ta yi, santsi gare ta.

In ba ki da turmi, kafinta zai iya kafa miki guntun katako mai kauri a kan faffaɗan allo da ɗan kuɗi kaɗan, ki naɗe da kanki. Sannan ki lura da irin yakushin kyanwarki. Wata a tsaye take yi, irin tawa. Wata kuma a ƙasa take yi, ita ce mai ɓata kafet da darduma da katifa. Irin wannan ki yanka kwali falle-falle, ki jera su a tsaye bakinsu yana kallon sama, ki matse su cikin wani kwalin, ko ki shimfiɗa mata tsohuwar tabarmar kaba ki danne gefenta da dutse.

Kuskuren da na fara yi shi ne ajiye turmin a tsakar gida, don ina ganin bai dace da falo ba. Kwana 2 ko kallonsa ba ta yi ba. Likitan ya yi mini dariya a waya, ya ce, “Malama, inda take son rubuta sunanta nan za ki kai mata allon.” Na haɗiye girman kai na shigo da shi falo, na ajiye shi dab da hannun kujerar da ta ɓata. Na kuma sa wani guntun kututture kusa da inda take kwana, saboda miƙar tashi daga barci.

Don ta saba da shi, nakan ɗaura tsumma a bakin kara ina ja a jikin turmin, ita kuma tana bi tana kai cafka har farcenta ya shiga igiyar. Duk lokacin da na ga ta yakushi turmin sai in ba ta ɗan ɓallin busasshen kifi nan take, in shafa bayanta. Kada ki kama ƙafarta da ƙarfi ki goga a jiki wai kina koya mata, tsoron wurin kawai za ki sa mata.

Ita kuma kujera, na fara goge wurin da tsumma da ruwan ɗumi da ɗan sabulu don rage warin da ta bari. Da ya bushe na rufe hannuwan da leda mai kauri, na manne da salatif, na kuma nannaɗa wani salatif ɗin ɓangaren danƙonsa yana waje. Kyanwa ba ta son santsi, ba ta son abin da ke manne mata a ƙafa. Ki fara gwada salatif ɗin a bayan kujera inda ba a gani, don wani yadin yana tashi in an ɓare. Na kuma riƙa zuba ɓawon lemo a faranti a gindin kujerar, saboda yawancin kyanwoyi ba sa son warinsa. Abu mafi sauƙi kuwa wanda ban taɓa tunaninsa ba a da shi ne jan ƙofar falo in zan fita aiki ko za mu kwanta.

A mako na biyu sau ɗaya na kama ta tana gwada kujera. Ban yi ihu ba, na tafa hannu sau ɗaya, ta waiwayo, na ja karan nan a jikin turmi ta biyo. Bayan mako 5 na cire ledar. Daga nan na riƙa matsar da turmin kaɗan-kaɗan, kamar taki guda a kwana biyu, har ya koma lungun da ke kusa da ƙofa. In igiyar ta yi kaca-kaca kada ki yi saurin canzawa, a lokacin ne ta fi son ta.

Abubuwan da ba za ki yi ba

Duka ba ya aiki. In kin dawo kin tarar da ɓarna kika doke ta, ba ta san laifin da ake dukanta a kai ba. In kuma kin kama ta tana yi kika doke ta, abin da za ta koya shi ne ta bari sai ba kya nan. Kyanwar da ke cikin tsoro kuma ta fi saurin yakushin yara.

Na ji wasu suna ba da shawarar a zare mata farata da filaya. Don Allah kada ki yarda. Farcen kyanwa a jikin ƙashin ƙarshe na yatsa yake tsirowa, ba a raba shi da ita sai an yanke ƙashin, kamar a guntule wa mutum yatsu daga gaɓar ƙarshe. Ko a inda likitoci ke yin wannan aiki da allurar kashe zafi ana ta hana shi. A Ingila doka ta haramta, jihar New York ta Amurka ma ta haramta a shekarar 2019. Ban da azabar, kyanwar da ba ta da farce ba ta iya hawa katanga ta tsere wa kare, ɓeran da aka kawo ta dominsa ma sai ya gagare ta.

Abin da ya halatta shi ne rage tsinin farcen gaba, musamman ga wadda ta fi zama a ɗaki. Ki bari sai tana kwance jikinta a sake, ki danna tafin ƙafarta a hankali farcen zai fito. Za ki ga bakinsa fari ne garau, can ciki kuma akwai wuri mai ja-ja. Wannan jan akwai jini da jijiya a ciki, kada ki kusance shi. Ɗan tsinin kawai za ki cire da abin yankan farce, ba da reza ba, kamar sau ɗaya a mako 3. In ta ƙi, ki yi ɗaya ko biyu ki bar sauran sai gobe. Wadda ke yini a waje tana farauta kuwa, ki bar mata kayan aikinta.

Kada ki fesa fiya-fiya ko wani maganin ƙwari a jikin kujera don korar ta, balle a jikinta don kashe ƙuma. Guba ce gare ta, guba ce ga yaran da ke hawa kujerar. Irin su Dettol da Izal ma suna cutar da kyanwa in ta taka ta lashe ƙafarta, don haka ki bari wuri ya bushe kafin ta shiga. A matsayina na ma’aikaciyar jinya ina ƙara jan kunne a kan farasitamol: ƙwaya ɗaya tana iya kashe kyanwa, don hantarta ba ta iya sarrafa shi. Mu kuma mutanen ƙasar albasa mu sani cewa albasa da tafarnuwa suna lalata mata jini, ɗanye ko dafaffe, saboda haka ba kowace sauran miya ake zuba mata ba.

Game da sa ta a buhu a yar a hanya, Inna ta tuna mana hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, na matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba. Kyanwar da ta tashi a gida ta saba da kwano, in aka jefar da ita a daji wahala ce za ta kashe ta. In har zama da ita ya gagara, ki nema mata wani gida. Masu shago da masu ajiyar hatsi a kasuwa ba sa ƙin kyanwa mai kamu.

In ta yakushi yaro fa?

Nan ne aikina ya shigo. Kujera ana gyara ta, amma yakushin da ya fasa fata yana buƙatar kulawa tun a mintunan farko.

Ki wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15. In babu famfo, wani ya riƙa zuba miki da buta kina wankewa. Ki duba agogon wayarki, don minti 15 ya fi yadda ake zato tsawo, kuma wannan wankin shi ne babban maganin farko. Bayan nan ki shafa aidin ko sifirit. Kada a sa toka, ko gishiri, ko man goge baki, ko man birki. Na sha ganin ƙaramin ciwo ya zama babba saboda abin da aka cusa masa a gida.

Ki tafi asibiti a ranar, ba sai gobe ba, in kyanwar baƙuwa ce ba a san mai ita ba, ko halinta ya canza tana kai hari ba dalili, ko tana dalalar da yawu, ko ta kasa tafiya daidai. Haka nan in cizo ne, ko raunin yana da zurfi, ko a fuska ko wuya ko yatsu yake. Dalili shi ne cutar haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 99 cikin 100 na mutanen da ke kamuwa daga kare suke samu, amma kyanwa ma tana ɗauka, kuma tunda tana lasar ƙafarta, yawu yana iya kasancewa a farcen. Cuta ce da in alamunta suka bayyana kusan ba a tashi, alhali allurar da ake fara yi da wuri tana hana ta. A asibiti kuma za a duba ko ana buƙatar allurar tetanus, cutar nan da ke sandarar da jiki ta sarƙe haƙora. In kyanwar taku ce, a sa mata ido na kwana 10, duk canjin da aka gani a sanar da likita.

Akwai kuma wata cuta da ake kira ciwon yakushin kyanwa. Ƙwayar cutar sunanta Bartonella, ƙuma ce ke yaɗa ta tsakanin kyanwoyi, kuma ’yan ƙanana da ba su kai shekara ba sun fi ɗauke da ita. Alamarta ita ce ɗan ƙurji a wurin yakushin bayan ’yan kwanaki, sannan bayan mako 1 zuwa 3 kaluluwa ta fito a hammata ko wuya ko matsematsi, wani lokaci da zazzaɓi. Yawanci tana warkewa, amma ki kai yaron a duba shi, kuma ki gaya wa likita cewa kyanwa ta yakushe shi ko da wurin ya riga ya warke. Iyaye da yawa ba sa haɗa abu biyun. Duk raunin da ya kumbura, ya yi ja, ya yi zafi ko ya fara ruwa, shi ma na asibiti ne.

Rigakafi dai ya fi magani. Ki hana yara wasa da ita da hannu tsirara ko jan wutsiyarta, su yi amfani da kara da tsumma. Kada ta kwana a shimfiɗar jariri. Mai ciki ta bar wa wani kwashe kashin kyanwa, saboda wata ƙwayar cuta da ke iya taɓa ɗan da ke ciki, kuma a riƙa kwashewa kullum ana wanke hannu. Ita kanta kyanwar ana yi mata allurar rigakafin hauka tun tana wata 3. Ki tambaya a ofishin likitan dabbobi na ƙaramar hukumarku, waɗanda ke kusa da Sakkwato kuma akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami’ar Usmanu Danfodiyo. A can ne kuma za a ba ki maganin ƙuma wanda aka yi don kyanwa, domin wani na kare yana kashe ta.

Wata za ta ce, duk wannan wahala a kan kyanwa? Ni dai lissafina mai sauƙi ne. Gidan da ake ajiye hatsi ba ya rabuwa da ɓera, kuma ɓarnar ɓera ba ta tsaya a buhu ba. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969, ta abincin da fitsari ko kashin wani nau’in ɓera ya taɓa yake shiga gida, kuma ya fi tashi a lokacin rani. Cikin matakan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa na kariya akwai rufe abinci a mazubi mai murfi, da kai shara nesa da gida, da tsafta, da kuma ajiye kyanwa. Ita kaɗai ba ta isa ba, sai an haɗa da sauran, kuma in ta kashe ɓera kada a ɗauka da hannu, a sa leda ko shebur a binne. Amma tun da ta zo gidanmu ban sayi shinkafar ɓera ba, kuma bayan abin da na gani a daren Juma’ar nan ba na fatan in saya.

Watan da maigida ya ba ni ya cika ba wanda ya tuna da maganar buhu. Mai gyaran kujera ya zo ya yi wa hannun faci, sai dai yadin da ya samo ya ɗan fi na asali duhu, duk wanda ya lura zai gani. Baƙi kuma ba sa fita falona sai sun tambayi abin da turmi yake yi a bayan ƙofa da igiya a jikinsa. Maƙwabciyata ta riga ta aiko a tambaye ni inda na sayi igiyar. Inna kuwa duk ranar da ta zo, a kan wannan kujerar take zama, ta ɗora hannu daidai kan facin, ta kira mussa ta hau cinyarta.

Wadda ta gwada wannan dabarar, ko take da wata da ta yi mata aiki, ta rubuto mana don sauran iyayen gida su amfana. Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu koma kan tarin hunturu ga jarirai da alamun da ke nuna cewa lokacin zuwa asibiti ya yi. Allah Ya raya mana zuri’a, Ya tsare mana gidajenmu.